Motar Alhaji Bawa da Lungu Ya Rufe

Kuna zuwa wurina da waya a hannu, ku nuna mini wani Bature ya jawo tsohuwar mota daga juji, kafin shayi ya huce ta koma sabuwa. Ku ce, "Masta, ashe abin ba wuya." Ba na musu da ku. Baturen nan rumfarsa tana da ƙofa, ba akuya, ba hayaƙin kifi, kuma in ya gama titi yana bakin ƙofarsa. Ni a Nima, zangonmu na birnin Ankara da ke bakin teku, na yi aikina. Zan ba ku labarin mota ɗaya da na gyara a tsakar gida, na fesa mata fenti, alhali babu hanyar da za ta fita.

Sunana Isaka. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ubana ya kai ni Odawna, unguwar masu gyaran mota, wurin Masta Kwaku, wani mutumin Asante mai fentin mota, da goro da kwalaben lemo, ya ce ga shi nan, ya juya. Shekarun farko ko taɓa bindigar fenti ban yi ba. Samfefa da bokitin ruwa, daga safe har la'asar, har fatar yatsuna ta ƙare. Masta Kwaku ba ya duba aiki da ido. Yakan rufe idon, ya bi jikin mota da tafin hannu. In ya ji tudu ko kwari ba ya magana, sai ya zagaye wurin da alli ya wuce. Ka sake daga farko. A wurinsa na koyi cewa fenti ba ya rufe mugun aiki, tona shi yake yi. Na koyi guduma da ƙarfen da ake tokarewa ta baya, na koyi kwaɓa fila ta cike kwarin jikin mota kada ta yi kauri, na koyi jin fenti a bakin sanda in san ko tina, ruwan tsinka shi, ta isa.

Na buɗe rumfata a nan Odawna, na yi shekaru. Sai shekarar da ruwa ya ci wurin. A kan rufin turotoro, motar haya, na tsira. Da ruwa ya janye, motocin mutane suna cike da laka har sitiyari, babban injin iskana ya tafi, gwangwanayen fenti sun bi gota, magudanar ruwa. Ba a daɗe ba aka zo aka rushe rumfunan. Tun daga nan ba ni da wuri. Na sami ƙaramin injin iska, ina ɗora shi a baro da kayan aiki, ina bin gidaje. Duk wanda ke da mota a tsakar gida ya san ni.

Haka Hajiya Ladi ta same ni. Mai sayar da atamfa ce a kasuwar Makola, mace mai magana ɗaya. Ta kai ni gidan ubanta, Alhaji Bawa, tsohon direba. A ƙarshen tsakar gida, ƙarƙashin tsofaffin kwanon rufi da tabarmi, ga mota ƙirar Jamus mai dogon hanci, irin wadda manya suke hawa muna yara. Tayoyi sun nutse a ƙasa. Kaji suna ƙwai a kujerar baya. Alhaji yana kwance a baranda, ɓarin jikinsa ya shanye, shekaru bai taka ƙofar gida ba. Da rabin baki yake magana, amma ana ji. Abu ɗaya yake so: ya je sallar Juma'a a masallacin Kawukudi cikin motarsa kafin ya mutu. Likita ya riga ya gaya wa Hajiya kada ta sa dogon rai.

Ban fara da motar ba. Na yanki sanda daidai faɗinta, na riƙe a kwance, na fita ƙofa na bi lungun da ya miƙe zuwa titi. Lokacin da Alhaji ya shigo da ita, wurin nan hanya ce, lori yana shiga. Injin ya buga, ya ce sai mako mai zuwa. Makon bai zo ba. Ku kun san Nima. Wannan ya ƙara kiyos, ɗan shagon katako, wancan ya fito da makewayi, wani ya zuba matakala. Ba wanda ya tuna akwai mota a ciki. Na katako duk ana iya ɗagewa. Amma a tsakiyar lungun sandata ta cije, da kusan kamu guda. Ɗakin bulo ne, na Mma Azumi mai koko. Mijinta yaron motar Alhaji ne tun suna samari. Da ya rasu, Alhaji da kansa ya ba ta wurin ta gina. Nan take kwana da jikokinta.

Na gaya wa Hajiya motar ba za ta fita ba sai an rushe ɗakin. Na ce ko da za a rushe, a fara fitar da mota, fenti daga baya. Ta ce Baba yana so ya ga aikin da idonsa, kallon ne ke riƙe da shi. Ta ce za ta sama wa Mma Azumi ɗaki a unguwar Maamobi.

"Masta, kai dai yi aikinka. Maganar katanga ka bar mini. Kuma Baba kada ya ji."

Haka muke a zango, ba a kai wa mara lafiya labari mara daɗi. Gidan duka sun san lungu ya rufe, maƙwabta sun sani, masu zuwa gaisuwa sun sani. Mai motar ne kaɗai bai sani ba. Kullum da safe yana tambayata ina aka kwana, ina ba shi amsar ƙarfe da tsatsa.

Ƙasan motar ya ruɓe, in ka taka ƙafarka ta wuce. Na yanke, na lanƙwasa sabon ƙarfe, na yi walda. Injin na ba wani fita, wato makanike, abokina, ya kwance shi a kan buhu. Ni na kankare jiki har farin ƙarfe, domin wani ya taɓa shafa mata fentin gida da buroshi. Alhaji ya ce asalinta kore ce mai duhu, irin na kwalba. Na ɗaga robar bakin but, na sami wurin da rana ba ta taɓa gani ba, launin yana nan kamar jiya. Na yanko ɗan guntu na kai wa mai haɗa fenti. Sai da na mayar masa sau da yawa kafin ya yi daidai, ya gaji da ni, ni ban gaji ba.

Ranar fesa fenti a gidan haya ita ce wahalar da wayarku ba ta nunawa. Ɗanyen fenti yana kama duk abin da ke yawo a iska. Na bi ɗaki ɗaki ina roƙon mata: gobe ba hura wuta, ba shara, ba daka, ba kaɗe tabarma, har rana ta karkata. Wata ta tambaye ni ko fentin ne zai ciyar da 'ya'yanta. Hajiya ta sa aka sayo wake da shinkafa daga titi aka raba wa kowa. Aka ɗaure awaki, aka kife kaji a kwando. Na aro rumfar da ake kafawa a suna, na kewaye da leda, na jiƙa ƙasa sharaf. Ba a fesawa da sassafe a Ankara, iskar teku tana da laima, fenti sai ya yi fari kamar an hura masa numfashi. Na jira rana ta hau.

Hayaƙin da na fi tsoro na Mma Azumi ne, domin murhunta yana bayan katangarmu. Na je na durƙusa na gaishe ta. Ta ce ta ji, ba za ta dama kokon gobe ba. Na miƙe zan tafi sai ta ce, "Isaka, in ka gama, ta ina motar za ta bi?"

Na ce, "Ban sani ba, Mma."

Ta dube ni, ta ci gaba da wanke ƙwarya.

Fentin ya kwanta. A duk aikina ban yi wanda ya fi shi ba. Ƙuda ɗaya ya faɗa a kan murfin injin, na cire shi da bakin allura. Da na yaye ledar, Alhaji ya sa aka tayar da shi zaune. Ya daɗe yana kallo. Ya ce a kawo masa tuwo, abin da ya kwana biyu bai nema ba.

Sai rediyo. Tsohuwar mai maɓalli biyu ce da allura, ta mutu tuntuni. Ɗan Hajiya da ke ƙasar waje ya aiko da sabuwa mai fuskar gilas, wadda ke jin waya, don kakansa ya riƙa sauraron karatu. Kafin ta zauna sai an yanke gaban mota. Na kawo zarto, Alhaji ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya ce kada in yanka mata fuska. Na ɓoye sabuwar a cikin akwatin gaba, na bar tsohuwar a mazauninta, na ja waya ta yadda in ka murɗa tsohon maɓalli fitilarta ta kama, sabuwar ta yi magana. Lasifika na sa ƙarƙashin kujeru. Ku da kuke son wannan aiki, ku riƙe wannan: tsohuwar waya ba a yarda da ita. Ranar da na fara haɗa batir hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin sitiyari, ɓeraye sun cinye rigar wayoyin. Na fizge kan batir da hannu, ga tabon nan. Na zare wayoyin duka na sa sababbi, kowace da fiyus ɗinta.

Mota ta kammalu, saura hanya. Hajiya ta aika wa Mma Azumi sau da dama a kan ɗakin Maamobi. Tsohuwar ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ba ta kuma ɗaure kaya ba. Jikin Alhaji ya soma yin ƙasa. Wata safiya Hajiya ta zo da magina da manyan guduma. Kafin su aje kaya, Rashidu, babban jikan Mma Azumi, ya iso da samarin bes ɗinsu, inda suke zaman shayi. Suka jeru a jikin katangar. Wasu da katako a hannu. 'Yan'uwan Hajiya su ma suka fito. Lungun ya cika, ba gaba ba baya. Hajiya tana cewa filin ubanta ne. Rashidu yana cewa duk wanda ya ɗaga guduma a kansa za ta sauka. Mma Azumi tana zaune a bakin ƙofarta a kan kujera 'yar tsugunno.

Hayaniyar ta kai baranda. Alhaji ya tambayi matan gida, suka ce yara ne ke faɗan ƙwallo. Ya ce a kira masa Isaka. Na zo na tsuguna. Hajiya ta biyo ni, ta tsaya a kaina.

"Kai ba ka iya zaƙin baki ba. Me ake yi a lungu?"

Na gaya masa. Na ce hanya ta rufe tun da daɗewa, motar ba ta wucewa sai an rushe ɗakin Mma Azumi, magina suna waje.

Ya juyo da idonsa kan Hajiya. Sannan ya ce da 'yarsa, "Ladi, ni na ba Azumi wurin nan da bakina, ranar da muka dawo daga binne mijinta. Wanda ya taɓa bulo ɗaya, kada ya bi gawata." Ya ce in mota ba ta fita, a bar ta inda take. Ya juya fuska bango.

Magina suka kwashe kaya. Samari suka watse suna waiwaye. Daga ranar Alhaji ya daina tambayar aiki, ya daina karɓar abinci sai ruwa. Hajiya ta tare ni a ƙofa, ta ce na kashe mata uba da bakina. Ni dai tambayata aka yi.

Na koma wurin motar da sandata. Faɗinta ba ya raguwa. Amma na gwada tsayinta, daga rufi zuwa ciki, in an cire tayoyi. Na yanki wata sanda na kai lungu. Ta wuce, da ƙyar, yatsu biyu suka rage. Wato in an kwantar da motar a gefenta, kamar yadda ake shigar da gado ta ƙofa, za ta bi.

Na gaya wa Hajiya ba ɓoye-ɓoye. Na ce fentin yana iya tafiya. Na ce in ta kuɓuce tana iya danne mutum, ko ta faɗa wa katangar, abin da ake gudu ya faru. Ta tambaya ko na taɓa yi. Na ce a'a. Ta dubi baranda, ta ce in yi.

Na kwance abin da na ɗaura da hannuna. Injin, tanki, kujeru, gilasai, ƙofofi, duk aka fitar da su a ka. Na haɗa gadon ƙarfe da walda, na ɗaure shi a mazaunin tayoyi na ɓari ɗaya, domin nauyin ya zauna a kan ƙarfe, jikin kada ya taɓa ƙasa. Na shimfiɗa katakai a kan gotar da ta bi tsakiyar lungu, na yanko bututun ƙarfe da za a mirgina a kai. Masu kiyos suka janye kiyos. Aka ɗage wayoyin lantarki da gora. Na je Kasuwar Malam Atta na ɗauko masu tura kaya, babbansu wani Badagombe, Napari, wanda ya saba da nauyi. Ya zagaya motar, ya ce, "Masta, motan nan in ya faɗi, ba ruwana da fenti, yarana zan cire." Na ce haka nake so.

Rashidu ya zo ya ce in katangar kakarsa ta tsage, ni da shi ne. Na ce to ya zo ya riƙe igiya, ya tsare ta da hannunsa. Ya tuɓe riga. Na hau da shi da samarinsa kan rufin gidan da ke fuskantar ɗakin, na ba su igiyoyin da na ɗaura a saman motar, su ja ta ɓarinsu kada ta jingina.

Da hantsi muka tayar da ita. Ganin motar tsaye a gefenta, ciki a waje, ya sa mata suka kama salati. Muka fita ƙofa. Taki kaɗan, a tsaya, a ɗauko bututun baya a kai gaba. Napari ke ba da murya, ba wanda ke magana sai shi. Rufin motar yana kallon ɓarin Mma Azumi, na lulluɓe shi da katifa. Da muka iso ɗakin, katifar ba ta da wuri. Na zare ta. Daga fenti sai siminti, yatsu biyu tsakani.

Hanci ya shige. Tsakiya ta shige rabi. Sai katakon da ke kan gota ya yi ƙara, ya lotsa. Motar ta karkata, rufinta ya kwanta a jikin katangar. Na ga ƙura ta zubo daga ƙarƙashin kwano. Katangar bulo ɗaya ce, simintinta kaɗan. A kan rufi igiya tana cin hannun samari, ƙafar ɗayansu ta ɓurma kwano. A ƙasa kuma wani mai tura kaya ya maƙale tsakanin gadon ƙarfe da bangon ɗaya gidan, yana numfashi sama-sama. Baya ba ta komawa, bututu ya faɗa gota. Napari ya dube ni. In aka tsaya neman jak don a ceci fenti, ko mutum ya tafi ko katanga.

Na ce, "Ku tura."

Na ji ƙarar a haƙorana. Siminti yana cin rufin tun daga gaba har baya. Rashidu yana ihu a ja, a ja, jini yana bin igiyarsa. Suka ɗauke rabin nauyin daga katangar, mu muka tura sauran. Ta kuɓuta. Aka zaro mutumin, haƙarƙarinsa ya ƙuje, bai karye ba. Na shiga ɗakin Mma Azumi da kaina na bi bango da hannu. Ba tsaga. Da muka sauke motar a bakin titi, rufin ya zama farin ƙarfe, da dogon kwari a tsakiya.

Ba lokacin gyaransa. A bakin titi muka mayar da injin da gilasai, ƙarƙashin tamfol, turotoro suna watsa mana ƙura. Kullum Hajiya tana zuwa ta tsaya, ta ce Baba yau ko koko bai sha ba, ta tafi. An gaya masa motar ta fita, ya ce shi ma an taɓa gaya masa yara ne ke faɗan ƙwallo. Ranar Alhamis injin ya ƙi tashi. Safiyar Juma'a ya tashi.

Aka yi wa Alhaji wanka, aka sa masa farar riga da ta yi masa yawa. A kan kujera aka ɗauko shi, Rashidu yana riƙe da ƙafar kujerar ɗaya, hannunsa a naɗe. Ya riƙa kallon lungun kamar baƙo. Da aka zo ɗakin Mma Azumi ya ce a tsaya. Ga layin kore a jikin katangar, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya miƙa hannu ya taɓa. Tsohuwar ta durƙusa tana gaishe shi. Ya tambaye ta ko ɗakin ya yi wani abu ta ciki. Ta ce lafiya lau, Alhaji. Ya ce a wuce.

Ni na tuƙa. Yana gaba, Hajiya tana baya tana tallafe da kafaɗarsa. A mahaɗar Kawukudi muka shiga cunkoso. Wani direban turotoro ya leƙo daga sama, ya ga rufin, ya ce, "Masta, mota mai kyau haka, wa ya yi mata wannan aika-aika?"

Alhaji ya ce da ni, "Ce masa lungunmu ne."

Na faɗa masa. Muka sami sallah, a cikin mota ya yi tasa, an buɗe masa ƙofa yana jin liman.

Bai ga wata Juma'ar ba. Bayan sadakar arba'in na buge rufin, na sake fesa shi, yau ba mai gane wurin. Layin da ke katangar kuwa, Rashidu ya kawo farar ƙasa zai shafe, Mma Azumi ta hana. Yana nan daidai kafaɗa. In kun bi lungun ku duba, fentina ne.